Roy Mai Cokula da Bindigar Babansa

Kuma kar ka soma ce min wai tsufa hankali ne, don ni na ga tsofaffi da idona. A Cradley Heath, kusa da Birmingham, na tashi, ni nake bi gida-gida ina yi wa tsofaffin matan layinmu gashi, abin da ba su faɗa wa fasto ba ni suke faɗa wa. Yaro in ya yi mugunta kafin la'asar ya manta. Tsoho ajiye tasa yake yi, ya riƙa shafa mata mai yana naɗe ta a bargo, kamar yadda suke yi wa bindigoginsu. Bari in ba ka labarin Royston Sidaway, wanda matarsa Noreen ta ba ni rabinsa ina wanke mata gashi, kanta na cikin kwanon wanki, sauran rabin kuma duk layinmu ya gani.

Roy kowa ke ce masa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa baƙi har cikin layukan tafi, irin baƙin da ko a makara ba ya fita. Tun yana saurayi yake goge ƙarfe a masana'anta, famfo, hannun ƙofa, bambar mota, duk abin da ake so ya yi ƙyalli. Ya tsaya gaban faifan tsumma mai juyawa, ya goga masa sabulun ƙarfe, ya danna. Aikin ya ba shi tari, ya mai da shi rabin kurma, amma a bakin kowa babu mai hannunsa. Ka ba Roy murfin kwata, ya dawo maka da madubi. Iyakar abin da ya iya ke nan a duniya, kuma ya sani.

Babansa Horace maƙerin sarƙa ne, amma ba da sarƙa aka san shi ba. Da harbin ƙararrawa aka san shi, a ɗakin baya na mashayar Uwar Maƙera. Faranti ne na ƙarfe a bango, da rami a tsakiya wanda ƙaramin yatsanka ma ba zai shiga ba, ƙararrawa a bayansa. Ka tsaya daga wancan bangon da bindigar iska. In ƙwayar darmarka ta bi ramin, ƙararrawa ta buga, a saya maka giya. In ta kauce, ta bar tabo a farin fentin da ke jikin farantin, kowa ya ga iyakarka. Horace in ya ɗaga bindiga, mutane ajiye kofi suke yi.

Kafin yaƙin duniya na biyu, ƙungiyar maharban mashayar ta sa wani ƙaramin maƙerin bindiga a Birmingham ya ƙera mata bindigogi biyu, babu ta uku, don gasar da aka yi ta cika shekara ashirin da biyar. Aka rubuta sunan ƙungiya a jikin bututun kowacce, da sunan wanda ya ci. Horace ya zo na ɗaya, aka ƙara masa kalmar Zakara a gaban sunansa. Wani Cyril Hingley ya zo na biyu, harbi ɗaya tal ya raba su. Ka riƙe sunan nan Hingley, za mu dawo kansa.

To ɗan zakara fa, ko kusa. Roy in ya ɗaga bindiga, mutane ɓuya suke yi a bayan kujera. Horace a gaban jama'a yake cewa, "Wannan yaron ko bangon coci aka ce ya harba, sai ya sami fasto." A yi ta dariya, Roy ma ya yi, don bai san me zai yi da fuskarsa ba. Daga ƙarshe aka miƙa masa burushi. Aikinsa shi ne bayan kowane harbi ya je ya shafe tabon da farin fenti, ya koma gefe. Ya karɓa yana ɗan saurayi, har ya yi furfura burushin na hannunsa. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana share sawun harbin wasu.

Da Horace zai mutu, babu wani ɗa, dole ya bar masa bindigar. Ko wasiyyar ma da zagi ya yi ta. Ya ce, "Tsumma da ɗan mai, shi ke nan. Ka kai ta kusa da injin nan naka, in taso in shaƙe ka." Roy ya naɗe ta a bargon soja, ya tura saman kabad. Kowace Kirsimeti ya sauko da ita, ya shafa mata mai, ya mayar. Noreen ta ce yadda yake taɓa ta kamar yana tsoron za ta yi magana.

Su ba su haihu ba. Da masana'anta ta rufe, Roy ya sayi tsohon injin gogewa guda daga cikin kayan da ake zubarwa, ya kafa a rumfar bayan gida, ya rasa abin da zai goge. Ya goge tukwanen Noreen har gindin ɗaya ya huje. Sai ya faɗa tara tsofaffin bindigogin iska. Tunda bai iya harba su ba, bari ya mallake su. Duk Lahadi yana kasuwar tsofaffin kaya, duk baje kolin da za a yi a Birmingham yana sahun gaba da burodinsa da cuku da albasa a aljihu. Ya sayo bindiga ta yi ƙasa-ƙasa don tsufa, ya kwance ta, ya danna wa faifai har ta yi fari tas, ya kankare katakon, ya shafa masa man ƙyalli. Ya rataye a ɗakin da suka taɓa cewa na yara ne. Ɗakin ya cika, in rana ta shigo sai ka kare ido.

Abin da kowane mai tara bindiga ya sani, Roy kaɗai bai sani ba, shi ne tsohuwar bindiga tsufanta shi ne darajarta. Launin nan ƙasa-ƙasa, da ƙarcen jikin katako, da wurin da tafin mai ita ya cinye, su ake saya. Ka goge ta ka kashe ta. Su 'yan Uwar Maƙera duk sun sani. Ba wanda ya faɗa masa. A bayan idonsa Mai Cokula suke ce masa, wai bindigoginsa sun koma kayan cin abinci. Duk wanda ke da wata ruɓaɓɓiya da ba mai so, Roy zai kai wa da tsada, ya ce, "Kai kaɗai za ka iya dawo da ranta." Bayan mako ya kawo ta tana walƙiya, su zagaye shi suna kaɗa kai, yana shiga bayi su kwanta kan tebur don dariya.

Shugaban wannan wasan shi ne Desmond Hingley, Des a taƙaice, ɗan Cyril ɗin nan da ya zo na biyu. Dogo, kullum da taye ko ranar zafi, tsohon mai tallan inshora, bakinsa kamar an shafa zuma. Shi ne sakataren ƙungiya, kuma shi ake kai wa bindigar kaka a unguwarmu ya faɗi darajarta. Yana da ɗan gilashin dubawa a aljihun riga da yake fitarwa a hankali kamar likita. Aji ɗaya suka yi da Roy. Shi ya tsaya masa ranar aure. Roy in ya ce "Des ya ce", magana ta ƙare.

Sau ɗaya gaskiya ta kusa kama shi. A wani baje koli, wani baƙo daga arewa ya ɗauki ɗaya daga cikin na Roy, ya juya ta, ya ce, "Wane ɗan iska ne ya kashe wannan?" Roy ya dawo gida bai ci abinci ba. Da yamma ya kai ƙara wurin Des.

Des ya dafa kafaɗarsa. "Haba Roy, yau ka fara zuwa kasuwa? So yake ya karya maka farashi. Wanda ya kushe kaya shi ne mai saye."

"Na ce ko dai ina ɓata su ne."

"Kai? Ka taɓa ganin mace ta yi wanka ta rage kyau? Sha giyarka, mutumina."

Roy ya sha giyarsa. Washegari ya sayo sabon sabulun ƙarfe.

Sai ƙungiya ta zo cika shekara ɗari. Aka yanke shawarar yin akwatin gilashi a saman farantin, a sa bindiga guda ɗaya, ta zauna nan har abada da sunan mai ita a ƙasa. Don kar a yi rigima, aka ce za a ɗauko mai kimanta kayan tarihi daga waje, shi zai zaɓa. Amma kowa ya san zaɓen ya ƙare tun kafin a fara. Bindigar zakara tana saman kabad ɗin Roy. Abin da Roy yake so ke nan, shi kaɗai, tunda aka haife shi. Sunan Sidaway a saman farantin da ya ƙare rayuwarsa yana fentawa, kuma ta hannunsa ya hau. Noreen ta ce har a barci yake maganar akwatin.

Ana saura 'yan makonni, ya kawo ta ranar atisaye, a naɗe a bargonta. Rabon da a gan ta tun jana'izar Horace. Aka share tebur, aka kawar da kofuna da soyayyar fatar alade. Des ya fito da gilashinsa, ya sunkuya. Waɗanda ke wurin sun ce ya daɗe bai ɗago ba. Rubutun yana nan, siriri, launin zinariya-zinariya a cikin ƙasa-ƙasan ƙarfe, kowane harafi a tsaye. Zakara, Horace Sidaway. Ta fi ta baban Des kyau nesa ba kusa ba.

Roy ya tsaya yana murza hula. A lokacin yanar ido ta riga ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma hazo-hazo yake gani, yana layin asibiti ba a kira shi ba. Ya ce, "Yana nan kuwa, Des? Ni na daina ganinsa. Da ina yaro daga bakin ƙofa nake karanta shi."

Des ya ɗago a hankali. Ya kalli mutanen teburin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ja tsaki na tausayi.

"Yana nan, amma tsatsa ta hau kansa. Ta binne shi. Wannan baƙon da zai zo ba zai tsaya tono ba, zai ga baƙin bututu ne ya wuce."

"Baba ya ce kar in taɓa ta."

"Babanka ya san injin zamanin da. Bai ga abin da hannunka ya zama ba. Ka ji kunya mana, Roy. Duk ƙasar nan ba mai goge ƙarfe kamarka, ka gyara na kowa, ka kawo ta ubanka da datti? Ka fito da sunan tsohon nan ya sha iska."

Mutum takwas ne ko tara a teburin nan, duk masu tara bindiga, duk sun san irin wannan rubutun. Ba sassaƙa shi aka yi ba. Da ruwan asid aka zana shi a fatar ƙarfen, kaurinsa bai kai numfashi a kan gilashi ba. Wani ya kurɓi giya. Wani ya tashi wai fitsari. Wani kuma, Ivor mai gyaran famfo, har ya ƙara da cewa, "Gaskiya ta ɗan yi duhu."

Roy ya san harufan da ake bugawa da guduma, su ne a jikin duk sauran bindigoginsa, ko ka goge su suna nan. A tunaninsa na babansa ma haka yake, har ya fi zurfi, don idon yaro ya gan shi, kuma komai na uba a idon yaro zurfi ne da shi.

Da safe ya shiga rumfa. Noreen tana shanya ta ji injin ya tashi, ta leƙa ta ga bargon soja a ƙasa.

"Roy, ba ita ce Horace ya ce kar ka taɓa ba?"

"Des ya ce sunan na ƙasa."

"Des ya ce. In Des ya ce ka sa kanka a tanda fa?"

"Je ki ɗauko tabarau ɗinki, ke za ki zama idona."

Ya fara da faifai mai laushi, a hankali, kamar mai shafa kan jariri. Ya tsaya, ya miƙa mata.

"Ya fito?"

Ta duba. "Ina ganin Horace. Amma kamar ɗazu ya fi fitowa."

"Sabulu ne ya rufe shi. Bari in ƙara."

Ya ƙara. Ya miƙa.

"Yanzu fa?"

"Rabin Sidaway ne kawai. Roy, tsaya haka nan."

"Ke ba ki san ƙarfe ba. Sai an wuce dattin ake isa gare shi."

Ya canza faifai, ya sa mai ƙarfi. Baƙin yana tashi, farin ƙarfe yana fitowa, shi kuma yana murmushi, don a hannunsa yana jin aikin yana kyau. Noreen ta ce ta tsaya tana kallon sunan surukinta yana tafiya harafi-harafi, ta yi magana har muryarta ta dishe, mutumin rabin kurma ne kuma injin na ihu. Da azahar babu komai. Bututu fari sumul, tana ganin fuskarta a ciki.

"Ya fito?"

"Babu komai, Roy."

Ya karɓi bututun. Ya shafa da babban yatsa, sama da ƙasa, yana neman inda zai ji kaushi.

"To yana can ƙasa. Ban isa ba tukuna."

Kwana da kwanaki yana shiga rumfar nan yana tono. Har bututun ya ɗan rame a gefe ɗaya. Daga baya ya daina kiranta ta duba. Ya ce wa kansa idon Noreen ma ya tsufa, mai gilashi zai gani.

Ranar bikin Asabar ce da rana, duk layinmu mun je. An yi tuta, an yi dunƙulen nama da wake da romo, an kawo kek mai siffar ƙararrawa. Roy ya sa kwat ɗin aurensa, maɓallin tsakiya bai rufu ba. Mai kimantawar wani ne Mista Pargeter, siriri, mai farin safar hannu, ba ruwansa da kowa. Ya bi tebur yana ɗagawa yana ajiyewa. Ya tsaya a kan ta Des, ya yaba, ya ce ya ji labarin tagwayen nan biyu, ina ta zakaran?

Roy ya buɗe bargo. Hasken taga ya daki bututun ya haska silin.

Mista Pargeter bai taɓa ta ba da farko. Ya cire tabarau, ya mayar.

"Wa ya yi mata haka?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Da hannuna. Sunan na ciki, in ka sa gilashi."

Mutumin ya sa gilashin, don ladabi kawai. "Mista Sidaway, irin wannan rubutun a saman fata yake. Launin da ka cire, a jikinsa yake zaune. Ko tsumma mai kaushi yana iya ɗauke shi."

Roy ya karkato kunnensa mai ji. "Wato da na fara, yana nan?"

"In ba a taɓa ta ba tun wancan zamanin, ina jin a sarari yake."

"Ba za a iya dawo da shi ba?"

"Za a iya rubuta sabo. Amma ni ma zan iya rubuta Zakara a jikin bututun famfo." Ya ajiye ta. "Da ba ka taɓa ta ba, gidan tarihi ne wurinta. Yanzu ban ma iya rantsewa ita ce ba. In an sami mai son ado, ko fam talatin."

Roy ya juya yana neman Des da idonsa mai hazo. Des yana can bakin kantar giya, ya buɗe hannuwa.

"Ni ƙura na ce ka ɗan share, Roy. Wa ya ce ka yi mata aski?"

Ivor ne ya fara fashewa. Yana riƙe da farantin kek, ya ce, "Roy, ara min cokalin nan naka, nawa ya faɗi." Shi ke nan ɗaki ya ɗauka. Tsofaffi masu haƙoran roba suna dariya har suna riƙe su kar su zubo. A nan Roy ya fara jin sunan Mai Cokula da kunnensa, daga baki goma lokaci guda, ya gane ba yau aka raɗa shi ba. Ya tsaya a tsakiyarsu da kwat ɗinsa, ya yi abin da ya saba yi tun zamanin Horace. Ya yi dariya tare da su. Noreen ce ta naɗe bindigar, ta ja hannunsa. A bakin ƙofa ta juyo ta ce wa Des, "Ka ci abinci a teburina shekara da shekaru. Allah ya sa ya tsaya maka a wuya."

Bindigar Cyril Hingley ta hau akwatin gilashi.

Kowa ya ɗauka Roy ba zai sake taka Uwar Maƙera ba. Ranar atisaye sai ga shi da burushinsa. Ya fenta faranti, ya koma gefe, sunan Hingley a saman kansa. Suna ce masa Mai Cokula a gaban idonsa yanzu, yana amsawa. A gida ya rufe ɗakin bindigogi, ya daina zuwa kasuwar Lahadi. An yi masa aikin ido a cikin watannin nan, ya warke sarai, ya ga abin da ya yi da kyau. Noreen ta ce gara da an bar masa yanarsa.

Da Des ya tsaya nan, da ya ci bulus. Amma mai mugunta ba ya ƙoshi. Ya ce a ba Roy makullin akwatin, ya riƙa goge gilashin da tagullar gefensa, "tunda nan ne fanninsa". Sannan ya fara sabon labari ga matasan da suka shigo ƙungiya. Wai a gaskiya babansa ne ya ci gasar nan, Horace na biyu ne, labarin Zakara ƙirƙirar 'yan Sidaway ce. "In ƙarya nake, a kawo bindigar a nuna min rubutun." Roy yana tsaye da burushi a hannu aka faɗi wannan. Fenti na ɗiga a takalminsa bai motsa ba.

Wata Talata da safe ya je goge gilashi kamar yadda ya saba. Mai mashayar tana karɓar kaya a baya. Ya fita da doguwar jaka. Noreen ta ji injin ya tashi a rumfa karo na farko tun ranar bikin. Ta leƙa, ta ga abin da ke hannunsa, ta gane ba tasu ba ce. Na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce, "Shayi na kai masa."

Kafin la'asar ya mayar da bindigar Cyril akwatinta. Da yamma 'yan ƙungiya suka shigo suka kunna fitilar faranti. Abin da ke cikin akwatin ya kusa makantar da su. Noreen ta ce a duk rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Har ƙananan kusoshi ya goge ɗaya-ɗaya. Katakon kamar an zuba zuma. Sunan Cyril, da sunan ƙungiya, da shekarar, babu ko ɗigo.

Des ya tsaya a ƙasan akwatin, ya ɗaga kai ya duba. Roy yana gefe yana gauraya fenti.

"Me ka yi, Roy?"

"Na ga ta ɗan yi duhu ne, Des."

"Ka san abin da ka yi. Ka sani sarai."

"Ni? Ni Mai Cokula ne, me na sani? Sunan na ƙasa, mutumina. Sa gilashinka." Ya ɗaga burushi. "Wa zai fara harbi?"

Des ya kai masa naushi, tsoho da tsoho, ya kuskure shi kamar yadda Cyril ya kuskure rami, ya daki gefen akwatin ya karya yatsu biyu. Ya kira 'yan sanda, ya kira lauya. Lauyan ya tambayi darajar bindigar da yadda aka yi makulli ya je hannun Roy, da ya ji labarin daga farko sai ya ba shi shawara ya bar maganar. Ƙungiya kuwa ta zauna a ranar, mutanen nan dai na teburin nan, suka kori Roy har abada saboda lalata kayan tarihi. Ivor ne ya karɓe burushin daga hannunsa. Ba wanda ya ɗaga maganar ta Horace.

Kar ka ɗauka ya ji daɗi. Ni na shiga gidan bayan nan, na gan shi. Yana zaune a kujera gaban talabijin a kashe, bargon soja a kan cinyarsa, babban yatsansa na bin bututun nan sama da ƙasa. Ba mashaya, ba kasuwa, ba rumfa. Uwar Maƙera ita ce duk duniyarsa, ko da a matsayin abin dariya ne. Bai cika shekara biyu ba tarin ya tafi da shi.

Noreen ta kira Mista Pargeter ya duba ɗakin. Ya shiga ya fito, ya ce ta yi haƙuri. Mai gwangwan ne ya kwashe bindigogin a kan awo, tarin shekaru a bayan mota ɗaya, suna ƙyalli har ƙarshen layi. Ta Horace kaɗai ta riƙe, tana bayan ƙofar kicin, da ita take tura tagar sama in ta maƙale. Akwatin gilashi kuwa yana nan, sun sa hoton ƙungiya a ciki. Des ya zo jana'izar da baƙin taye, ya gaya wa fasto cewa shi da marigayin kamar 'yan'uwa suke, ya ci burodi da naman alade har biyu, ya nannaɗe na uku a takarda.

Mutanen teburin nan har yau suna nan, wasu ni nake yi wa matansu gashi. In maganar ta taso, kowa cewa yake Des ne mugu, ko Roy ne wawa, su dai giya suka je sha. To kai da kake karantawa kana ɓata fuska, da kana zaune a teburin nan ranar da Des ya ce a fito da sunan tsoho ya sha iska, bakinka za ka buɗe, ko kofinka za ka ɗauka?